Ni ta butar alwala na fara da nawa yaran

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Tun jiya da daddare naga tambayarki, inda kika ce yarinyarki ta dawo daga makaranta da zancen canjin yanayi da kula da muhalli, ke kuma kina son yaranki su tashi da tausayi da kula amma wasu a dangi sun fara cewa ai wannan zancen turawa ne, gidan da ake karatun addini ba ruwansa da shi. Naso in amsa a lokacin caji ya ƙare, shi yasa sai yanzu. Kiyi haƙuri zan ɗan yi tsawo dan abin ya daɗe yana raina.

Ni a Tudun Wada ta Kaduna nake, yarana huɗu, babban yana aji biyu a babbar sakandare, autar kuma shekararta shida. Gaskiya ban taɓa zaunar dasu nace yau zamuyi darasin muhalli ba, kalmar ma sai daga baya ta shigo gidanmu ta bakin makarantar boko. Abinda ya faru shine wata shekara da bazara rijiyarmu ta ja baya sosai, wajen watan huɗu, famfo kuma dama sai an ga dama, muka koma siyan ruwa wajen 'yan garuwa. Rannan ina zaune ina tsince shinkafa naga na biyun ya cika buta taf, ya tsuguna yayi alwala, ya ƙarar, ya sake cikawa dan wanke ƙafa kawai, rabin ruwan a ƙasa yake zuba yana ta surutu da ƙaninsa. Naso in yi faɗa akan kuɗin jarka, sai Abbansu ya ɗaga min hannu, ya shiga ɗaki ya ɗauko mudun Annabi ɗin da muke aunin zakkar fidda kai dashi, ya cika shi da ruwa ya ajiye a gabansa. Yace masa Manzon Allah (SAW) da kwatankwacin wannan yake alwala, wanka kuma da sa'i, wato mudu huɗu, zuwa mudu biyar, kuma hadisi ne ingantacce daga Anas ɗan Malik. Yaron ya kalli mudun yace Abba wannan ai ko hannu bazai isa ba. Abbansu ya tsuguna yayi alwala cikakkiya a gabansu har da ragowa. Wallahi ranar gasa suka koma yi, kowa so yake ace shi ya rage ruwa. Mudun nan fa bai kai lita ɗaya ba, ledar fiyawata ɗaya ce da ɗan ƙari.

Daga nan na gane ba sai naje nesa ba. Yaron da ke alwala sau biyar a rana, sau biyar kenan kina da damar koya masa tattalin ruwa, kuma da sunan bin sunna, waye a dangi zai ce wannan na turawa ne? Muka sa tsohuwar roba a wajen alwala, ruwan da ya taru ba'a zubar, na shuka ne. Gidan haya muke ba fili, to a tsofaffin bokitan fenti muka shuka zogale, kowa da nasa bokitin, da ɗan barkono da na'a-na'a. Na gaya musu hadisin cewa duk musulmin da ya dasa itace ko ya shuka wani abu, tsuntsu ko mutum ko dabba yaci daga ciki, sadaka ce gare shi. Na autar akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye tas, tayi kuka kamar me, sai yayanta yace mata to ai kin samu lada tunda dabba taci. Ta share hawaye tace a sake bata iri.

Amma inda ya fi taɓa ni shine babbar sallah. Kin san yara da rago, kwana uku huɗu yana ɗaure a tsakar gida sun saba dashi, su bashi dusa su bashi harawa har suna suka sa masa. Abbansu baya barin a wasa wuƙa a gaban rago, kuma sai an bashi ruwa, yana gaya musu Allah ya wajabta kyautatawa akan komai har yanka. Da aka zo gyaran kayan ciki mahaucin ya farka tumbi sai ga wani dunƙule baƙi ƙirin, ledoji ne sun cure wuri ɗaya sun yi tauri, har da igiyar buhu, ya kusa kai girman kwallon yara. Yaran suka yi cirko-cirko. Mahaucin yace ai kullum suna gani, wani ma ya fi haka, dabbar tana kiwo a bola taci leda, ba ta narkewa ba ta fita, sai kaga tana ramewa ana ta bata magani a banza. Babban nawa yayi shiru can yace Umma kenan duk kwanakin nan da ciwon ciki yake. Ban ƙara komai akai ba, ba sai nayi wa'azi ba. Tun daga ranar idan sun sha fiyawata a hanya a aljihu suke sako ledar, har ina wanki ina cin karo dasu. Jini da ƙazantar tumbi ma mun daina turawa kwata, rami ake haƙawa a binne.

Sai maganar danƙo, dan nasan in kina da maza zaki gamu da ita. Nawa sun taɓa kawo min hujja wai ai a islamiyya an ce a kashe tsaka akwai lada, shikenan suka haɗa da ƙadangare da tsuntsaye da duk abinda ke motsi a katanga. Ban ƙaryata musu hadisin tsaka ba dan ya tabbata, amma nace su koma su tambayi malaminsu ko ya haɗa da ƙadangare da kurciya, suka dawo suka ce yace a'a. Na basu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, bata ciyar da ita ba bata sake ta ta nema da kanta ba, da mutumin da aka gafarta masa dan ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare. Wannan biyun kam sun zauna musu. Yanzu da zafi su suke ajiye ruwa a murfin roba akan katanga saboda tsuntsaye. Kuma na lura yaron da ya daina jifan kyanwa shine wanda in almajiri yayi sallama zai tashi da gudu ya kai masa abinci mai zafi ba ɗumamen jiya ba, tausayin duk ɗaya ne.

Akwai wanda laifina ne kuma zan faɗa dan kar ki ɗauka komai daidai nake yi. A layinmu an saba da zarar hadari ya haɗu ruwa ya kece, kowa sai ya fito da kwandon shara ya juye a kwata ruwa ya tafi da ita. Nima haka na taso na gani, haka nake yi. Wani dare cikin watan takwas na juye na juyo sai naga yarinyata a bakin zaure, tace Umma ina ruwan yake kai ta? Nace kogi. Tace to mutanen da ke can ƙasa fa? Wallahi na rasa amsa, kunya ta kama ni, dan satin da ya wuce da bakina na karanta musu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Kuma duk ɗan Kaduna yasan abinda masu zama kusa da kogi irin su Kigo Road da Kabala Costain da gefen Unguwar Rimi ke gani in damina tayi ƙarfi. Ba wai nace ledata ce ke sa kogin Kaduna ya cika ya tumbatsa ba, wannan ruwan sama ne da gine-gine a hanyar ruwa da abubuwa da yawa da suka fi ƙarfin uwa a gida, amma ruwan da ke shigo mana zaure duk shekara kam kwatarmu ce da muka toshe da hannunmu, sauron da ke kwana a ciki kuma mu yake cizo. Na daina. Yanzu muna biyan masu baro su kwashe, robobi da gwangwani da ƙarafa kuma yara ke ware su a buhu su sayar wa 'yan jari bola, kuɗin nasu ne, rabi asusu rabi su yi sadaka ranar juma'a.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, kar ki tsorata su. Lokacin ambaliyar 2022 da mutum sama da 600 suka rasu a faɗin ƙasar nan, na bar su suna kallon bidiyon a wayata, autar ta kwana biyu bata barci in taji iska. Nayi nadama. Yaro ƙarami a bashi abinda hannunsa zai iya, butarsa, bokitinsa, ledarsa. Manyan ne nake zama dasu mu karanta ayar suratu Rum ta 41, cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abinda hannayen mutane suka aikata, mu haɗa ta da abinda suka gani da idonsu a hanyar Zariya, motocin gawayi da na itace da basa yankewa. Mu ma fa in gas yayi tsada gawayin muke komawa, bana ɓoye musu, sai dai mu rufe tukunya mu kashe garwashin da ya rage dan gobe.

Su kuma dangi kar ki tsaya jayayya dasu ko ki ce musu muhalli, ki ce almubazzaranci haramun ne, ki ce tsafta, ki ce haƙƙin maƙwabci, ba wanda zai musa. Surukata da farko cewa take mun maida yara 'yan bola, yanzu in tazo ita ke tsinkar zogalen jikokinta tayi kwaɗo. Ki samu maigidanki ya shigo ciki, dan a gidanmu da ba shi ya tsuguna da mudun nan ba da mazan basu ɗauka ba. In kina nan cikin gari kuma kina son irin zogale kimin magana, bana sun yi 'ya'ya da yawa, kuma yanzu ne lokacin sawa tun ruwa bai ɗauke ba.