Teburin Tashi-Zauna: Aiki a Tsaye Zai Raba Ni da Ciwon Baya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da cike fom ta intanet a Zariya. Tun ƙarfe 8 na safe nake zama gaban laftof, wani lokacin har bayan Magariba, kuma yanzu ƙuguna da wuyana sun fara damuna. Na ga wani abu da ake ɗorawa a kan tebur, a ɗaga shi a yi aiki a tsaye, a sauke shi a zauna. Yana da amfani kuwa, ko ƙyale-ƙyale ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba da lafiya, Malam. Yana da amfani, sai dai ba ta fuskar da masu tallarsa suke nunawa ba.

Abin da ka gani ƙaramin dandamali ne mai hawa biyu: na sama na allon kwamfuta, na ƙasa na kibod da maus. A kan teburinka na yanzu ake aza shi, ba sai ka sayi sabo ba. Yawancinsu suna tashi ne da sandar iska, irin wadda ke riƙe murfin but ɗin mota. Ka matsa mariƙi a gefe, ka ɗaga, ka saki, ya tsaya. Kamfanoni irin su Vari da Ergotron da FlexiSpot sun yi suna wajen ƙera shi.

To, ina amfanin yake? A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu na Landan da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin, masu wuni a zaune. Mutane da yawa suna jin wannan sai su ce ashe tsayuwa ce magani. Amma kwandastan nan ba sandarewa yake yi wuri ɗaya ba, wuni yake yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗin mota. Motsin ne ya cece shi.

Binciken baya-bayan nan ma abin da ya nuna ke nan. A 2024 masana a Jami'ar Sydney ta Ostareliya sun duba bayanan mutum fiye da 83,000 a Birtaniya, suka ga yawan tsayuwa bai rage haɗarin ciwon zuciya ba, kuma wanda ke wuce awa 2 a tsaye a rana yana ƙara kusantar matsalolin gudanar jini a ƙafa, kamar kumburin jijiyoyi. Tambayi mai aski ko mai shayi yadda ƙafarsa take da daddare, zai ba ka labari. Batun rage ƙiba kuwa, kada ma ka sa rai: wani nazari na 2018 ya nuna awa 6 a tsaye maimakon a zaune kalori 54 kacal yake ƙara ƙonawa. Ko kwalbar lemo ɗaya ta ninka wannan.

Saboda haka abin da wannan na'ura take saya maka shi ne sauƙin sauya yanayi ba tare da ka bar aiki ba. Farfesa Alan Hedge na Jami'ar Cornell a Amurka ya ba da wani ma'auni da nake so: a kowane rabin awa, minti 20 a zaune, 8 a tsaye, 2 kana ɗan zagayawa. Ba lallai ka bi shi da agogo a hannu ba. Kai mai shago ma ka fi ma'aikacin ofis sa'a: tashi ka ɗauko takarda daga firinta da kanka, kada ka aiki yaro. A makon farko ka riƙa tsayawa minti 10 zuwa 15 a lokaci guda, ka ƙara a hankali. Wanda ya ɗauki abin da zafi ya wuni a tsaye ranar farko, washegari zai sauke shi, ba zai ƙara ɗagawa ba.

Idan kuwa ciwon yana sauka har ƙafa, ko kana jin ƙafar tana mutuwa, wannan ya wuce maganar tebur. Je ka ga likita.

Tambaya: Ni na riga na saya, na ɗora laftof ɗina a kai. Amma in na ɗaga shi daidai idona sai kafaɗuna su gaji, in na sauke sai wuyana ya ƙage. Ina kuskuren yake?

Amsa: Hajiya, laifin ba naki ba ne, ba kuma na na'urar ba, ƙirar laftof ce haka. Allonta da kibod ɗinta a haɗe suke, alhali ido da hannu ba tsayi ɗaya suke so ba. Duk yadda kika juya, ɗaya zai cutu.

Mafita ita ce ki raba su. Sayi kibod da maus na daban ki sa a hawan ƙasa, ki bar laftof a hawan sama ta zama allo kawai. In ba ta kai ba, ki ɗora ta a kan ɗan abin aza laftof ko manyan littattafai. Da hannu ake fara awo: ki tsaya, ki saki kafaɗa, ki lanƙwasa gwiwar hannu ta yi kusurwa kamar ta bango, inda tafinki ya tsaya nan ne wurin kibod, wuyan hannu a miƙe. Sannan saman allon ya zo daidai ido ko ƙasa kaɗan, nisansa kamar tsawon hannunki, wato santimita 50 zuwa 70.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Ko an sauke na'urar ƙasa ƙurmus, kibod ya ɗan fi saman teburin tsayi. To sai ki ɗaga kujera, in ƙafa ta daina taɓa ƙasa ki sa mata matashi ko guntun katako. A tsaye kuma, kada ki tsaya kan siminti ko tayil da takalmi mai tsini. Shimfiɗa abu mai ɗan laushi, ki ajiye ƙaramar kujera ƴar tsugunno kina ɗora ƙafa ɗaya kina sauyawa.

Tambaya: Mai lantarki zan saya ko na hannu? Ko in kai wa kafinta hoto ya yi mini?

Amsa: A inda wuta ba ta da tabbas, na hannu nake ba da shawara. Mai lantarki in aka ɗauke wuta yana sama, to a tsaye za ka ƙarasa aikin sai an kawo, sai fa in kana da sola ko infata.

Kafin ka biya, auna faɗin teburinka da zurfinsa. Wasu suna tashi sak, wasu kuma suna matsowa wajenka yayin tashi, su ci maka fili, kuma in teburin ba shi da nauyi yana iya rinjaya. Duba nauyin da aka rubuta zai ɗauka. Da yawa daga na hannu ba sa wuce kilo 15 ko makamancin haka. In kai dogo ne, duba iyakar tashinsa. A shago ka ɗaga shi har ƙarshe ka gwada bugawa, in allon na rawa, bar musu abinsu. Wayoyi ma a ba su sarari, domin wayar caja da ta yi gajarta takan fizge laftof ƙasa ko ta lalata bakin cajin.

Kafinta kuwa, kada ka sa shi ƙera mai tashi da sauka, da wuya ya tsaya da kyau. Amma zai iya yi maka akwatin katako mai ƙwari daidai awon gwiwar hannunka, ka ɗora in za ka tsaya, ka sauke in za ka zauna. Yi wata guda da shi. In ka ga kana amfani da shi kullum kuma ɗorawa da saukewar ce ta ishe ka, sai ka je ka sayi na kanti.