Amsa kan gayyar filin bayan masallaci

Assalamu alaikum jama'ar guruf, iyayenmu da ke ciki a gafarce ni, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Ƙanena, na kalli bidiyon da ka turo, na mutanen garin nan na bakin teku da suke fitowa suna gyaran wuraren shaƙatawarsu ba tare da an biya su ko sisi ba. Na kuma ji tambayarka, ko mu ma za mu iya yi wa filin bayan masallaci haka. Za mu iya, wallahi. Ai gayya tamu ce tun kakanni. Kuma ga rana a hannu: Asabar ɗin ƙarshen wata, bakwai zuwa goma na safe, lokacin tsaftar muhalli, motoci ba sa yawo, kowa yana gida.

Amma bari in faɗa maka abin da ya same mu a unguwar da na baro. Mun fito da shebur da manjagara da baro, muka kwashe bola, muka dasa itatuwa, aka yi hotuna, kowa yana murna. Kafin azumi ya zagayo babu ko ɗaya a tsaye. Awaki sun cinye wasu, sauran ƙishi ya kashe su. Har yau abin yana min ciwo.

Su can suna da laimar teku. Mu nan Kano daga Oktoba ruwa ya ɗauke sai wajen Mayu ko Yuni, ga hunturu, ga bazarar da zafinta ke haura digiri 40. To wa zai ba dashen ruwa a Maris da Afrilu? Nan ne maganar take. Shawarata, kada a dasa komai sai damina ta zauna, cikin Yuli. A dasa darbejiya, tana da jurin fari, a haɗa da mangwaro ko biyu saboda yara. Kowace bishiya a ba gida ɗaya amanarta, da sunan maigidan, a kewaye ta da bulo ko ƙaya. Jarka ɗaya daga wajen ɗan garuwa duk bayan kwana biyu ba za ta talauta kowa ba. Gara goma da suka rayu da ɗari da aka yi hoto da su.

Sannan kafin a ɗaga shebur, a je a gaida mai unguwa, a sanar da liman ya faɗa bayan sallah. In da hali a binciki matsayin filin a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, mu san na jama'a ne a rubuce. Kun dai ga yadda kududdufan birni suka koma gidaje da shaguna, ruwan sama ya rasa inda zai je. A kuma nemi motar REMASAB, hukumar kwashe shara ta jiha, tun da wuri, don sharar da aka tara aka bari, ruwan farko zai mayar da ita kwalbati.

Matan unguwa ma a sa su cikin shawara, su suka san inda yara ke wasa da inda ake zubar da shara da dare.

Ni na ɗauki bishiyoyi biyu na gefen gidana, da baro ɗaya. Ƙanena, ka buɗe takarda, ka fara rubuta sunana.