Me ya faru ranar 12 ga Disamba?

Tambaya: Malam, ranar 12 ga Disamba na haihu, hunturu na kaɗawa. Wane tarihi ranar take da shi a duniya? Daga wata uwa, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Barka da arziki, Hajiya, Allah ya raya. A ranar ce Kenya ta samu 'yanci daga Birtaniya a 1963, Jomo Kenyatta na firaminista. A 1911 kuma aka shelanta mayar da babban birnin Indiya daga Kalkata zuwa Delhi.

Ni dai ta 1991 ce ke raina, ranar da Janar Babangida ya kwaso gwamnati daga Legas zuwa Abuja. Muna jin wuta a ƙofar shagon babana a Jekadafari rediyo ya faɗa. Baba ya ajiye kofin shayi, ya ce, "Alhamdulillahi, gwamnati ta matso kusa."