Gonata da gonar uwargidana: za a haɗa geron wajen zakka, kuma ana cire kuɗin taki?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni dattijo ne mai shekara 71, ina zaune a Gwale cikin birnin Kano tare da uwargidana. 'Ya'yanmu duk sun yi aure, sai dai 'yarmu guda da mijinta ya rasu ta dawo gabanmu da marayu uku. Ina da gona a wajen Gezawa, ita kuma Hajiya tana da wadda ta gada daga mahaifinta a ƙasar Minjibir. Tun da na yi ritaya ta bar mini tata nake nomawa, ni nake sayen iri da taki, ni nake biyan 'yan ƙwadago daga kuɗin fanshona da ɗan abin da yara suke turowa, idan kaka ta yi kuma nakan ware mata buhu 2 ta yi hidimarta da su. Bana an sussuke gero, gonata ta ba da buhu 5, tata ta ba da buhu 4. Wani abokina a masallaci ya ce babu zakka a kanmu, tunda gona biyu ce ta mutum biyu kuma babu wadda ta kai nisabi. Babban ɗana kuma ya ce ya ji wani karatu a waya cewa sai an cire kuɗin taki da na ƙwadago kafin a duba nisabi, kuma abin da na kashe ya kai kuɗin buhu 3. Mene ne gaskiyar magana? Idan akwai zakka, ya halatta in ba 'yar tawa?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya ƙara muku lafiya kai da Hajiya, ya jiƙan surukinku, ya raya marayun da ya bari.

Akwai zakka a kanka, kuma abin da ya tabbatar da ita yana cikin jumlar da ka rubuta a tsakiyar wasiƙarka ba tare da ka tsaya a kanta ba, wato cewa Hajiya ta bar maka gonarta kake nomawa, kai kake sayen iri, kai kake biyan ma'aikata. Zakkar hatsi tana bin mai amfanin gonar ne, ba mai ƙasar ba, shi ya sa a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya ari gona ko ya karɓe ta haya shi ne zakka take hawa kansa idan abin da ya noma ya kai nisabi. Saboda haka geron Gezawa da geron Minjibir duka naka ne a ido na shari'a, ana tara su wuri guda a lissafa, nisan da ke tsakanin gonakin biyu kuwa ba ya raba su. Maganar abokinka da ta zama daidai da a ce Hajiya ita ta zuba irinta, ko kun yi yarjejeniya tun kafin shuka cewa duk abin da gonarta ta fitar nata ne kai kana kula mata da aikin kawai, domin aure ba ya haɗe dukiyar miji da ta mata, kuma a wannan hali kowannenku sai rabonsa ya kai nisabi shi kaɗai. Amma ba haka ka bayyana ba.

Nisabin hatsi sa'i 300 ne, wato mudun Annabi (SAW) 1,200, wanda malaman wannan zamani suke ƙiyasta shi da kilo 650 ko kusa da haka, kimanin buhu 6 da rabi kenan idan buhu ne cikakke irin wanda ake ciniki da shi a Dawanau. Wanda geronsa yake kan gaɓa sai ya auna da mudu, tunda asalin abin awo ne ba nauyi ba, amma kai da buhu 9 ka wuce wannan shakka. Tunda noman damina ne, kashi ɗaya cikin goma za ka fitar, kuma idan buhunka mai tiya 40 ne, tiya 360 kenan, zakkarsu tiya 36. Buhu 2 da kake ware wa Hajiya suna cikin wannan lissafi, ba a zare su kafin a auna. Haka nan dammunan da ka biya masu girbi da su a maimakon kuɗi, da wanda ka bayar kyauta a bakin gona, malamanmu sun ce ana ƙiyasta su a ƙara a kan jimilla, don haka ka tambayi wanda ya tsaya maka a kan aikin ya faɗa maka dami nawa suka fita ta wannan hanya. Dawa idan ta iso gida lissafinta daban, wake ma daban, ba a cika nisabin ɗayansu da gero.

Sai maganar da ɗanka ya jiyo, wadda ita ce take buƙatar a zauna a kanta, domin ta yaɗu sosai a 'yan shekarun nan, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin dako da na aikin gona suka yi tashin da kowa ya sani. Ba ƙirƙirarriyar magana ba ce. An ruwaito ta daga Aɗa'u cikin tabi'ai, Alƙali Abubakar Ibnul Arabi daga cikin manyan malaman mazhabarmu ya karkata gare ta, kuma a wannan zamani Shaihu Yusuf Alƙardawi ya ƙarfafe ta. Duk da haka ban ga ta tsaya da ƙafafunta ba, kuma abin da mazhabobi huɗu suka tafi a kai shi ne kuɗin da manomi ya kashe daga aljihunsa ba a cire shi daga abin da za a yi wa zakka.

Babbar matsalar wannan ra'ayi ita ce shari'a ta riga ta duba wahalar manomi ta yanke hukunci a kanta. Ta ce wanda ruwan sama ya shayar masa ya ba da ɗaya cikin goma, wanda kuma ya sha wahalar ban ruwa, irin mai noman rani da yake zuba mai a inji kullum, ya ba da ɗaya cikin ashirin. Da a ce ana cire ɗawainiya tun farko, da babu ma'anar wannan bambanci, domin bayan mai ban ruwa ya cire kuɗin injinsa da na mansa, abin da ya rage masa ya zama tamkar na mai noman damina, sai ya kasance an yi masa rangwame sau biyu a kan wahala ɗaya. Sassaucin da aka yi masa a ƙimar zakka shi kansa shaida ne cewa a kan dukkan abin da gona ta fitar ake lissafi. Manoman Madina kuwa ba a banza suke samun dabinonsu ba, suna ciyar da raƙuman ban ruwa, suna biyan ma'aikata, amma ba a ruwaito cewa waɗanda Annabi (SAW) yake aikawa kirdadon amfanin gona suna zama da mai gona su ji nawa ya kashe kafin su faɗi abin da ke kansa ba.

Masu wancan ra'ayi sukan kafa hujja da hadisin da aka umarci masu kirdado su bar wa mai gona kashi ɗaya cikin uku ko ɗaya cikin huɗu, suna cewa wannan shi ne gwargwadon ɗawainiya. Malaman hadisi sun yi magana a kan ɗaya daga cikin maruwaitansa, Imamu Malik kuma bai yi aiki da shi ba. Ko da an karɓe shi, yana magana ne a kan 'ya'yan itace da ake kirdadonsu tun suna bisa, inda iyalin mai gona da maƙwabta da masu wucewa za su ci ɗanye, wani kuma ya zube ƙasa kafin a girbe, babu inda aka ambaci kuɗin aiki a cikinsa. Abin da aka ruwaito daga Ibnu Abbas da Ibnu Umar, Allah ya yarda da su, shi ma a kan mutumin da ya ci bashi ya yi noma ne, ba wanda ya kashe abin hannunsa ba. A wannan gaɓa ta bashi ne kawai saɓani yake da ƙarfi: a mazhabarmu, kamar yadda ya zo a littafin fiƙihu na Risala, bashi ba ya kayar da zakkar hatsi ko ta dabbobi, yayin da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 2001, ta yarda a cire kuɗin iri da taki da maganin feshi idan manomi ya ranto su ne don ba shi da yadda zai yi, amma ta ce idan daga dukiyarsa ya kashe ba a cirewa. Kai kuwa ka faɗa da bakinka cewa da fanshonka da gudummawar yaranka ka yi noman. Ko a kan wannan fatawa mai sassauci, buhu 3 ɗin nan ba za su fita daga lissafinka ba.

Akwai kuma abin da nake gani da idona wanda yake ƙara mini nisa da wannan ra'ayi. Idan aka buɗe ƙofar cire ɗawainiya, babu mai iya cewa ga inda za ta tsaya. Yau taki ne da huɗa da noman firi da maimai, gobe kuɗin motar zuwa duba gona daga birni, jibi kuma mutum ya yi wa guminsa da na 'ya'yansa farashi ya cire. Wanda zai fi cin moriyar wannan shi ne babban manomi mai tarakta da mai rubuta masa lissafi, wanda zai iya nuna a takarda cewa bai ci riba ba alhali sitonsa cike yake, sai a bar talakan ƙauye da ya yi aikin da fartanyarsa da takin gida yana ba da ushiri, wato ɗaya cikin goma, cikakke saboda ba shi da rasit. Dubi naka misalin: buhu 9 sun shigo gida, amma da an bi wancan lissafi sun koma 6, sun faɗo ƙasa da nisabi, miskini bai samu ko tiya ɗaya ba. Ka gaya wa ɗanka wannan cikin taushi, domin tausayinka ne ya sa ya kawo maka maganar.

Game da 'yarka, a Malikiyya ciyar da 'ya mace yana kan uba har mijinta ya tare da ita, idan kuma ta dawo bayan haka tana babba mai lafiya wajibcin ba ya komawa kansa, jikoki ma ciyar da su ba dole ba ne a kan kakansu. Bisa wannan ya halatta ka ba ta idan mabuƙaciya ce. Sai dai ka ce tana gabanku, na kuma fahimci tukunyarku ɗaya. Idan ka auna mata tiya 36 aka jingine buhun a ɗakin ajiyarka, ana ɗiba ana kai niƙa ana yin tuwon gidan gaba ɗaya, to zakkar ba ta fita ba, ka rage wa kanka cefane ne da ita. Sharaɗin shi ne ka mallaka mata ta yi yadda take so, ko ta sayar ta biya kuɗin makarantar marayun, ko ta yi jarin ƙuli-ƙuli ko fura, kuma kada ka rage komai daga abin da ka saba yi musu saboda ka ba ta. Da yake sauran mazhabobi sun fi tsanantawa wajen ba 'ya'ya da jikoki zakka, abin da na fi so maka shi ne ka ba ta wani kaso don buƙatun da ba ka iya ɗauke mata, sauran kuma ka mayar wa mabuƙatan garuruwan da aka yi noman, domin su ne suka ga geron yana fitar da kai kuma su suka fi cancanta. Gezawa da Minjibir ba su kai nisan ƙasaru daga birni ba, don haka idan ka raba a unguwarku ma ya isar. Geron kansa za ka fitar, ba da kuɗi a madadinsa makaruhi ne ko da ya isar. Hajiya kam ba a ba ta, tunda ciyar da ita wajibinka ne.

Buhu 2 da kake ware mata ina so ka duba matsayinsu. Idan kyautatawa ce daga gare ka, wadda ko ba ka yi ba ba za ta ce ka ci mata haƙƙi ba, Allah ya saka maka da alheri, ka ci gaba. Idan kuwa sharaɗi ne da kuka ƙulla a matsayin kuɗin gonar, Imamu Malik ya hana a ba da hayar ƙasa da abinci ko da abin da ƙasar take fitarwa, sai ku gyara kafin damina mai zuwa, ko dai ta ba ka aro tsantsa, ko ku yanka haya da kuɗi sananne. Ko ta wace fuska aka ɗauka, zakkar bana tana kanka.

Ba ka faɗi yadda kake yi a shekarun baya ba. Idan akwai kakar da jimillar gonakin biyu ta kai nisabi amma ba ka fitar ba saboda kana ɗaukar su daban-daban, wannan bashi ne da wucewar lokaci ba ta kayar da shi, sai ku zauna da Hajiya ku tuna gwargwadon iyawarku, ka biya a hankali daga amfanin bana da na baɗi. Ta bana kuwa ka auna ta tun kafin buhunan su shiga ajiya, kada ka jira geron ya yi tsada, domin idan ka jinkirta ba da uzuri ba ƙwari ko danshi suka ɓata shi, rabon miskinai yana wuyanka.

Abu na ƙarshe ba ka tambaye shi ba, amma shekarunku sun sa dole in faɗa. Mutanen ƙauyen da gonar Hajiya take shekara da shekaru kai suke gani kana zuwa da taki kana sallamar ma'aikata, yaran da suka taso yanzu ba su san gonar da wani suna ba sai gonar Alhaji. Ranar da ɗayanku ya riga ɗaya, wannan zai iya sa a zuba gadon Hajiya cikin naka, ko 'yan'uwanta su shiga jayayya da 'ya'yanku. Ku rubuta takarda yanzu da kuke da lafiya cewa gonar Minjibir mallakinta ce ta gado, kai aro aka ba ka, shaidu biyu adilai su sa hannu, a sanar da mai garin wurin, kowane ɗaya daga cikin manyan 'ya'yanku kuma ya riƙe kwafi.

Wallahu a'alam.