Ina So In Cire Kuɗin Fanshona a Ingila In Ƙarasa Gini a Zariya

Tambaya: Lauya, ni mazaunin Birmingham ne, haifaffen 1962. Ciwon baya ya raba ni da tuƙin bas, yanzu ni da mai ɗakina muna karɓar Universal Credit, tallafin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi. Ina da fam 28,000 a asusun fansho na wurin aiki, da fam 2,000 a banki. Ina so in cire na fanshon in ƙarasa ginin da na fara a Zariya. Ita haifaffiyar 1974 ce. Me zai sami tallafinmu?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Ina roƙonka ka dakata, kada ka sa hannu a kowace takarda tukuna.

Muddin kuɗin nan suna kwance a asusun fansho, kuma ba ka kai shekarun fanshon gwamnati ba, DWP, ma'aikatar da ke biyan tallafin, ba ta lissafa su. Ranar da suka faɗo bankinka, sun zama dukiyar hannu. Fam 6,000 na farko ba a kulawa da su. Daga nan zuwa 16,000, kowane fam 250 yana rage muku fam 4.35 a wata. Idan aka haura 16,000, tallafin ya tsaya cak. Kuma ajiyarka da ta Hajiya haɗe ake ƙirga su.

To, idan ka kwashe duka, kashi ɗaya cikin huɗu ne kaɗai babu haraji, wato fam 7,000. Sauran 21,000 za a yanki haraji a kai, abin da ya rage kuma ya zarce 16,000. Ka yi asara ta fuska biyu ke nan. Idan 7,000 ɗin kaɗai ka ɗauka, ajiyarku ta zama 9,000, za a riƙa rage fam 52.20 a wata. Idan kuwa ka zaɓi a riƙa biyanka wata-wata, kowane fam ɗaya da ya shigo sai a cire fam ɗaya daga tallafin.

Batun ginin ne ya fi damuna. Mutanenmu da yawa suna zaton kuɗi in sun tsallaka teku sun fita daga lissafi. Ba haka doka ta ce ba. Fili ko gidan da ba a cikinsa kake zaune ba dukiya ne, ko a Tudun Wada yake. Ana ɗaukar kimarsa a kasuwar can, a cire kashi 10 cikin ɗari na ɗawainiyar sayarwa. Saboda haka kangon nan, da bulonsa da rodinsa da ke jiran rufi, ya kamata a ce tuni ka sanar da shi. In ba ka yi ba, ka ga lauya ido da ido a makon nan, domin za su iya neman ka mayar da abin da aka biya ku, kuma gara su ji daga bakinka. Haka nan rabar da kuɗin ga 'yan'uwa: in suka ga an yi ne don tallafi ya ci gaba, sai su lissafa kamar kuɗin suna hannunka. Biyan bashin da ake binka da gaske kuwa, doka ta yarda da shi.

Sai maganar shekaru. Kai sai ka cika 67, a 2029, za ka fara karɓar fanshon gwamnati, kuma cikakkensa na bukatar shekara 35 na gudunmawar inshorar ƙasa, mafi ƙaranci 10. Kada ka sa rai da Pension Credit, tallafin masu ƙaramin ƙarfi da suka kai shekarun fansho, a lokacin. Tun 15 ga Mayu 2019, sai miji da mata duka sun kai shekarun fansho kafin su fara nema, Hajiya kuwa sai 2041. Za ku zauna kan Universal Credit, ana cire fanshonka na gwamnati daga ciki fam bisa fam. Asusun da ba ka taɓa ba ma, daga lokacin za a ƙiyasta abin da zai iya ba ka a lissafa. Idan kuma niyyarka komawa gida ce, fanshon gwamnati zai bi ka Najeriya, amma ba za a riƙa yi masa ƙarin shekara-shekara ba.

Akwai abin da zai amfane ka tun yanzu. Tallafin PIP na masu lalurar jiki ba ya duban ajiya ko fansho, sai dai dole a fara nemansa kafin shekarun fansho. Da ciwon da ya hana ka zama a kujerar direba, ka nema. Ka kuma ɗauki lokacin ganawa da Pension Wise, masu ba da shawara kan fansho na gwamnati, kyauta ne ga wanda ya kai 50, sannan ka je Citizens Advice, ƙungiyar ba jama'a shawara, da takardar asusun fanshon, da bayanan banki, da takardun filin Zariya, a yi muku lissafin kowane zaɓi a rubuce kafin ka kira kamfanin fansho.