Ɗan daudu, luwaɗi da mata-maza: kowace kalma da muhallinta

Wani mai karatu daga Tawa ya ce ya ji labarin Tammy Baldwin a rediyo, ƴar majalisar dattawan Amurka mai goyon bayan auren jinsi, mai fassara kuwa ya ce tana "kare haƙƙin ƴan daudu". Yana tambaya ko fassarar ta dace, kuma ina asalin kalmar.

Malam, ba ta dace ba. Baldwin sanata ce daga jihar Wiskonsin, an zaɓe ta a 2012, kuma tana cikin waɗanda suka ja ragamar dokar 2022 da ta wajabta wa gwamnatin tarayya da jihohi amincewa da auren namiji da namiji ko mace da mace, muddin an ɗaura shi bisa doka. Majalisar dattawa ta amince da ƙuri'a 61, masu adawa 36. Batun aure ne da gado da haraji a ƙasarsu. Daudanci ba ya ciki.

Daudu kirari ne na Galadima. A bori kuma akwai iska mai suna Ɗan Galadima, ɗan sarauta mai son ado da kashe kuɗi, kuma a nan masana da yawa suke ganin tushen sunan. Ɗan daudu namiji ne mai ɗaukar salon mata: karya murya, rangwaɗa, tafi da shewa, habaici, kiran ɗan'uwansa "ke" ko "ƙawata". Sana'arsa ta gado dafa abinci ce da suyar kaji a tasha da kasuwa da wurin biki. Da yawansu suna da mata da ƴaƴa, ƴaƴan kuma baba suke kiran su. Kalmar tana bayyana ɗabi'a da sana'a da harshe, ba ta ba da shaidar abin da mutum yake yi a ɗakinsa.

Luwaɗi daga Larabci yake, daga sunan Annabi Luɗu, kuma sunan aiki ne. Maɗigo takwararsa ce tsakanin mata. Mata-maza kuwa halitta ce, wanda aka haifa da alamar jinsi biyu, wato huntha a wurin malaman fiƙihu. Malamanmu na Malikiyya ba su yi masa dariya ba, sun zauna sun fitar masa da rabon gado: idan lamarinsa ya rikice, ya ɗauki rabin kason namiji da rabin kason mace. Da wannan mas'ala ce ma Muhtasar na Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya rufe.

Wanda aka haifa namiji ya ce shi mace ce, ya canza suna da takardu, kamar Sarah McBride da jihar Delawaya ta tura majalisar wakilan Amurka a zaɓen 2024, Hausa ba ta da tsohuwar kalma a kansa. Ƴan jarida suna cewa "mai sauya jinsi", kuma ta wadatar.

Abin da ya sa nake tsananta wa masu fassara, kalma tana iya jawo wa mutum duka. A Najeriya, dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi. Idan rediyo ta saba wa kunnen jama'a cewa ɗan daudu da ɗan luwaɗi abu ɗaya ne, mai tuwon tasha da bai san Baldwin ba shi zai kwana cikin zargi, ƴaƴansa su sha gori a makaranta. Magana zarar bunu ce, in ji magabata: bunu tsohuwar ciyawar jinka ce, in ka zare ta ba ta komuwa gurbinta. Addinin da yawancinmu muke dogara da shi wajen ƙin wannan aure, shi ne kuma ya haramta ƙazafi.

Da mai fassarar nan ya ce "tana goyon bayan auren jinsi da haƙƙin masu sauya jinsi", da ya isar da labarin yadda yake.