Amsa ga ƙanwata mai son digirin kwamfuta ta onlayin da aiki daga gida

Wa alaikumus salam ƙanwata, kiyi haƙuri saƙonki ya kwana biyu, maganar ce ba ta tsaye ba. Kince kina da NCE, kina Zariya da yaranki, maigida ya yarda ki ƙara karatu in dai ba sai kin bar gari ba, shine kike so kiyi digirin kwamfuta ta onlayin a wata jami'ar waje, in kin gama ki samu aikin da zaki dinga yi daga ɗaki ana biyanki da dala, in da rabo ma ya zama silar tahowarku nan Ingila. Toh buri uku ne kika haɗa, kuma samun ɗaya baya nufin sauran biyun zasu biyo baya.

Na bizar tukuna tunda shi gajere ne. Digirin onlayin baya bada biza. Bizar da ake ba ɗalibi ya zauna yayi aiki bayan ya gama karatu, sai wanda ya shigo da bizar ɗalibi ya zauna a ƙasar yayi karatun anan. Kuma tun Janairun 2024 sun hana masu zuwa mastas ta aji tahowa da iyali, sai masu digirin bincike irin PhD da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Duk ejan ɗin da yace miki ki fara onlayin daga baya zai maida ki nan da su Abban yara, kuɗinki yake hange.

Makarantun kuma akwai na ƙwarai, ban ce babu ba. Open University tana Milton Keynes, tun 1969 aikinta kenan karatu daga gida, kuma anan ba a raina takardarta, akwai wata a wajen aikinmu da ita ta shigo, tana sayar da kaya a shago da rana tana karatu da dare har ta gama. Yawancin digirinsu na farko basa tambayar sakamakon sakandare, ki shiga kawai, amma digirin kiredit 360 ne, in kina ɗaukar 60 a shekara shekara 6 kenan cur, kuma su da kansu sunce ki ware awa 16 zuwa 18 duk sati. Ki kalli satinki da girki da wanki da kai yara islamiyya ki faɗa ma kanki gaskiya ta ina awa 16 zata fito. Sai University of London da suke yin digirin Computer Science ta Coursera, wani shafin karatu na onlayin, tun 2019, malaman Goldsmiths ne ke tsara karatun, shekara 3 zuwa 6, ana biya kwas-kwas kuma kuɗin ya danganta da ƙasar da kike zaune. Abun da yake burgeni dasu, in takardunki basu cika ba suna barinki ki fara da kwas biyu, kika ci su ki wuce. Sai University of the People ta Amurka wadda ake ta yaɗawa wai kyauta ce. Kuɗin koyarwa ne babu, amma kowane kwas sai kin biya kuɗin jarrabawa sama da dala 100, digirin kuma kwas 40 ne, kinga sai ki lissafa da kanki. Suna bada tallafi, amma kar ki ɗora tsarinki akan abun da bai zo hannu ba.

Kuma duk da fam ko dala zaki biya, wannan shine abun da yake kayar da mutane ba wahalar karatun ba. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya fara da lissafin farko ya tashi ya tarar kuɗin makarantarsa ya ninka uku, albashinsa kuma yana nan inda yake, da yawa haka suka ajiye a tsakiya, ba takarda ba kuɗi. Shekara 6 tafiya ce mai nisa ga mai samun naira.

Shiyasa ni da zaki bi tawa, ki fara duba na gida. NOUN, jami'ar gwamnati ta karatu daga gida, tana da cibiyoyi a jihohi kuma tana da Computer Science, ga Miva Open University da NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta ba lasisi a 2023, dukansu da naira ake biya. Musamman ke mai NCE, in wataran kika ce koyarwa zaki koma ko aikin gwamnati, takardar da NUC ta sani ita zata yi miki amfani. Ta waje sai an kaita ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja an tantance, kuma tun badaƙalar Kwatano, da ɗan jaridar nan Umar Audu ya samo digiri cikin sati 6 ya fallasa a ƙarshen 2023 har gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, ido ya ƙara buɗewa akan duk takardar da ta shigo daga waje. Maganar NYSC ma haka, a al'ada masu karatun cikakken lokaci suke ɗauka, masu karatu daga nesa takardar cirewa ake basu. Kafin ki biya ko sisi ki tura wani naki ya je ya tambaya da sunan makarantar da sunan kwas ɗin, kar ki tsaya ga abun da aka rubuta a tallarsu.

Yanzu ga inda nafi so ki saurara, aikin. Mutane a gida suna ganin an rubuta aikin rimot, wato na daga gida, sai su ɗauka daga ko'ina a duniya ne. Mafi yawan waɗanda ake tallatawa anan, in kika karanta ƙasa zaki ga dole kina zaune a Ingila kuma kina da izinin aiki, saboda haraji da dokar ma'aikata, wasu kuma saboda bayanan kwastomomi da basa so su fita ƙasar. Waɗanda ke ɗaukar mutum daga Najeriya yawanci kwantiragi ne, ba fansho ba hutun haihuwa, ranar da suka ga dama suce an gode. Kuma ƙwararre suke nema. Sabon hannu yana buƙatar wanda zai leƙo allonsa yace a'a ba haka ba, ni kaina a ofis na koyi yawancin abun da na iya, kusa da wani dattijo ɗan Foland mai ƙarancin magana da yake duba kodin ɗina layi-layi yana jan tsaki a hankali, sai da suka ga hannuna ya faɗa sannan aka barni ina yin wasu ranaku a gida. Andela da ta fara a Legas a 2014 da horar da sababbi, a 2019 ta sallami ƙananan injiniyoyi wajen 400 tace kasuwa manya take so. Meta ta sallami 11,000 a Nuwamban 2022, Google 12,000 a Janairun 2023, Amazon kuma daga Janairun 2025 tace kowa ya koma ofis kwana 5 a sati. Ga AI yanzu yana rubuta ƙananan kodin ɗin da ada sababbi ake ba. Ban faɗa don in karya miki gwiwa ba, mutane na samu har daga Kano da Kaduna, amma ba ranar da aka miƙa musu satifiket ba.

Masu samun, abun da suka gina ne yake shigar dasu. Takardar tana taimakawa CV ɗinki ya wuce tacewar farko, kuma zata yi amfani in kina son mastas nan gaba, amma a intabiyu matsala zasu ajiye miki suce warware muna kallo. Don haka tun kina shekarar farko ki nemi aikin gaske ko ƙarami ne, makarantar yaranki ki haɗa musu abun fitar da sakamako, mai kemis ɗin unguwa ki haɗa masa lissafin magungunan da suka kusa ƙarewa, ki ɗora komai a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja suke ajiye aikinsu a gani. In an buɗe 3MTT, shirin gwamnati na koyar da fasahar kwamfuta, ki cike, kyauta ne kuma zaki haɗu da mutane. Daga nan sai su Upwork da Fiverr, shafukan da ake samun aikin kwantiragi ta onlayin, ki sani Fiverr na cire kashi 20 cikin 100 na duk abun da kika samu, kuma ki buɗe asusun dala da Payoneer tun da wuri. Abu ɗaya da ya faɗo miki daidai, agogonku da namu ɗaya ne a lokacin zafinmu, da hunturu kuma awa 1 ce tsakani, ba kamar masu aiki da Amurka ba da suke raba dare. Duk wanda yace ki biya kuɗin rijista kafin ya baki aiki, ko ki dinga danna layik a bidiyo ana biyanki, ko ki ara masa sunanki da NIN ya buɗe akawun, ki toshe shi. Sannan ki dinga duba me kamfanin yake sayarwa, kamfanonin caca da na bashi da ruwa suna ɗaukan mutane sosai kuma suna biya da kyau, gara ki yanke ma kanki hukunci tun kafin ki ga kuɗin a rubuce.

Aikin gidan kansa kuma ba hutu bane wallahi. Da safe akwai mitin da kowa zai faɗi abun da yayi jiya da wanda zai yi yau, abun kunne a kai, ƙofa a rufe, kuma ni anan babu mai ƙwanƙwasa min sai mai kawo saƙo. Ke kuma kin san gidajenmu, kina tsaka da magana zaki ji sallama, wai ai tana ciki, maƙociya ta shigo aron turmi ta zauna hira, an aiko yaro karɓar adashi, gobe suna jibi gaisuwar mutuwa, kika ce aiki kike ace kin fara girman kai tunda ga ki a ɗaki. Wannan sai kin zauna da maigida da uwar miji tun yanzu an fahimci juna, kuma a samu mai riƙe yara na wasu awanni. Jarrabawar onlayin ma da yawa kyamara a kunne ake yi, sai kin juya ta kin nuna ɗakin, yaro ya faɗo da gudu yana Mama Mama zasu iya cewa kin yi satar amsa. Ga wuta, kin tuna Oktoban 2024 da arewa tayi sama da sati a duhu. Kamfanin waje zai yi miki uzuri sau ɗaya, na biyu ya nemi wani. Don haka sola da batir da layin data biyu daban-daban suna cikin kuɗin karatun, kuma shine dalilina na cewa ki rage a kuɗin makaranta ki zuba anan.

Kafin duk wannan, sai an gwada akan san na ƙwarai. Digirin kwamfuta ba irin koyon Word da Excel na shagon bizines santa bane, akwai lissafi a ciki sosai, da zaman awa biyu kina neman waƙafi ɗaya da ya hana komai tashi. Ki shiga CS50, kwas ɗin kwamfuta na masu farawa da jami'ar Harvard take yi ta onlayin, kyauta ne, satin farko wasa-wasa ne da Scratch, manhajar koya ma yara rubuta kodin, daga nan su jefa ki cikin yaren C, toh anan zaki san ko abun naki ne. In kin iso wajen ki turo min abun da kika rubuta in duba, sannan ki faɗa min wace irin laftof gareki, in RAM ɗinta bai kai 8GB ba kar ki sayi wata tukuna, akwai tsohuwa tawa da zan iya bayarwa a taho miki da ita. Ki gaida min Abban yara da su Mama.